Ramin da Baba Kafinta Ya Ɓoye

Ranar Talata da hantsi bututun ruwan da ke cikin silin ɗin falon Baba Kafinta ya fashe. Ba wanda ya ji sanda ya fara. Sai da silin ya yi ciki kamar akuya mai shirin haihuwa, sannan ya saki, ya faɗo da ruwansa da ƙurarsa a kan keken ɗinkin matar gidan, na lantarki, wanda da shi take ɗinka wa rabin matan layin kaya. Keken ya yi tartsatsi, ya yi wani ɗan tari, ya mutu.

Matar, wadda kowa ke kira Mai Keke, ba ta yi kuka ba. Ta kashe ruwan gidan, ta kira autarsu da ke aiki a wani gari. Auta ce ta sa wa gidan inshora bara, ta biya kuɗin shekara, ta kawo musu takarda mai shafi goma sha huɗu. Baba Kafinta ya auna nauyinta a hannu, ya ce takarda ce mai kyau, ya adana ta bai buɗe ba.

Mai Keke ta sa wayar a sifika don shi ma ya ji da kunnensa.

Auta ta ce, "Za su turo mai tantance ɓarna jibi. Ku ɗauki hoto, ku bar komai yadda yake. Baba, da kai nake. Kada ka taɓa komai."

Ya ce, "Na ji."

"Baba."

"Na ce na ji. Ni yaro ne?"

Mai Keke ta tattara yadudunan mutane, ta tafi gidan ƙanwarta aron keke na kwana biyu, don akwai masu jiran kaya. Aka bar Baba Kafinta shi da ramin.

Shekara arba'in da ɗaya ya yi yana aikin katako kafin gwiwa ta zaunar da shi, kuma abin alfaharinsa guda ne a duniya: ba a taɓa gane inda ya yi faci ba. Yanzu ga rami a kansa, baki a wage, haƙora a waje, a cikin falonsa, kuma wai baƙo zai zo daga ofis ya gani. Ya zauna ya dubi ramin. Ramin ya dube shi. Ya yi haƙuri har la'asar.

Daga nan ya ce bari dai ya ɗan share ƙasa, kada wani ya zame. Da ya share, ya ga bakin ramin na iya yankar mutum, ko da yake sai mutumin ya kai tsawon ƙofa da rabi. Ya ɗauko tsani ya daidaita bakin. Da bakin ya daidaita, sai ya zama abin kunya a bar shi a buɗe. Zuwa yammacin Laraba ya yanke bututun da ya fashe ya sa sabo, ya rufe silin, ya ɓoye kawunan ƙusoshi, ya haɗa fenti ya ɗiga masa ruwan shayi har sabon farin ya tsufa daidai da tsohon. Ya goge keken ya sa masa mai. Ya gyara zaman kujeru, ya matsar da agogon bango da ya daɗe yana ba shi haushi. Sannan ya tuna Auta ta ce a ɗauki hoto, ya ja da baya ya ɗauki guda shida masu kyau.

Ranar Alhamis da safe Mai Keke ta dawo. Ta ajiye jaka, ta ɗaga kai, ta daɗe a haka.

Ta ce, "Baban Auta, ina ramina?"

Kafin ya haɗa amsa aka yi sallama. Mai tantancewar ce, wata matashiya mai tabarau da jakar takardu da tocila a aljihu. Ta durƙusa ta gaishe su, aka ba ta kujera, Baba Kafinta ya jawo wani ɗan tebur ya ɗora mata shayi. Ta ce kafin ta duba za ta ɗan yi musu bayanin takardarsu, don yawancin mutane ba sa karantawa.

Ya ce, "Mu mun adana tamu sosai."

Ta ce, "Madalla. To Baba, takardar kashi biyu ce. Akwai gini, wato bango da rufi da silin da bututu. Akwai kuma kayan ciki, wato duk abin da za ku ɗora a mota ranar da za ku tashi daga gidan."

"Ni ba inda za ni. To ni a wane kashi nake?"

Mai Keke ta ce, "Kai gini ne. Shekara nawa rabonka da tashi daga kujerar nan, in ba don ɓarna ba?"

Matashiyar ta gyara tabarau ta haɗiye dariya. Ta ci gaba da cewa kamfani na biyan abin da ya faru farat ɗaya ba zato, kamar gobara ko fashewar bututu. Abin da tsufa ya cinye a hankali kuwa ba ya cikin lissafi. Mai Keke ta dubi mijinta daga sama har ƙasa, ta ce ai dama ba ta sa rai ba.

"Sannan akwai kason farko," in ji matashiyar. "Duk ɓarnar da aka yi, akwai ɗan abin da ku za ku fara ɗauka da kanku. Abin da ya haura shi ne namu."

Baba Kafinta ya yi tunani. "Wato in na yi baƙi goma, ku za ku ciyar da tara, amma wanda ya fara shigowa nawa ne."

"Kusan haka, Baba."

"In kuma baƙo ɗaya ya zo?"

"Naka ne."

"Kai, masu ofis akwai wayo."

Ta ce keken ɗinkin yana cikin takarda, 'yarsu ta rubuta shi da lambarsa. Abin da ya rage kawai ta ga inda ruwan ya fito, ta tabbatar shi ya kashe keken. Ta miƙe ta ɗaga kai. Ta zaga falon. Ta leƙa ɗaki, ta leƙa kicin, ta dawo ta duba lambar gidan a takardarta.

"Mama, a wane ɗaki abin ya faru?"

"A nan, 'yata. A nan ɗin nan. Tambayi wancan."

Baba Kafinta ya yi gyaran murya, ya ce an ɗan kintsa wurin ne, tunda ba a tarbar baƙo da rami.

"To hotunan da kuka ɗauka?"

Ya miƙa mata waya da hannu biyu. Ta duba na farko, ta duba na shida.

"Baba, wannan ai silin ne lafiyayye."

"Na gode."

"Ina nufin, ba ka ɗauka kafin ka gyara ba?"

"Haba 'yata. Ke kina yarda a ɗauke ki hoto ba ki wanke fuska ba? Hoto tarihi ne."

"To ɓaraguzan da suka faɗo fa?"

"Kofinki na kai."

Ta dubi ɗan teburin. An goge shi sumul, an zagaye gefensa, har da ɗan aljihun tebur. Ta ɗauke kofin a hankali ta riƙe a hannu.

Ta ce ta ga gidajen da aka ƙara wa ɓarna don a samu kuɗi, amma yau ta fara ganin inda aka sace ɓarnar gaba ɗaya. Ta juya ga Mai Keke, muryarta ta sauka. Ta ce in ba ta ga shaidar ruwa ba, abin da za ta iya rubutawa shi ne ta tarar da keke mai sheƙi wanda ba ya tashi, a ƙarƙashin silin da ba abin da ya same shi. Ofis za su ce tsufa ne. Ba za a biya ba.

Mai Keke ta zauna. Keken ƙanwarta na aro ne, kuma ƙanwar ta riga ta fara tambayar yaushe za a gama. Ta ce, "Baban Auta, nuna mata wurin."

Ya ce, "Ta nema. Ai aikinta ne."

Aka kawo tsani. Matashiyar ta hau, ta haska tocila a karkace, ta ƙwanƙwasa da ɗan yatsa, ta shafa, har ta shinshina. Ta sauko, ta matsar da tsanin, ta sake hawa. Sau biyar. Baba Kafinta na tsaye ya riƙe mata tsanin, zuciyarsa na bugawa kamar ranar da ubangidansa ya fara duba aikinsa. A karo na uku hannunta ya bi ta kan facin sarai, ya wuce. Sai da ya ciji leɓe don kada murmushi ya tona shi.

Ta sauko tana haki ta ce, "Wallahi Baba, in rantsuwa aka ce in yi, zan rantse silin nan bai taɓa ganin ruwa ba."

A shekara arba'in da ɗaya ba wanda ya taɓa gaya masa magana mai daɗin wannan, kuma ga ta daga bakin mai tocila da takardar makaranta. Ya ji ƙwalla ta taru masa. Ya san keken matarsa ne zai salwanta, ya san kalma ɗaya za ta isa. Ya buɗe baki. Amma in ya nuna, ya yarda ke nan akwai wurin nunawa. Ya rufe bakin, ya ce a ƙara wa baƙuwa shayi.

Mai Keke ta miƙe. Ta shiga kicin ta fito da sandar goge ƙasa.

"Kekena daidai da agogo yake zama," ta ce. "Shekara shida ina ɗinki ina kallonsa. Matsa, 'yata."

Ta tsaya daidai da agogon, inda agogon yake yanzu, ta juya sandar, ta soka sama da ƙarfin macen da mutane bakwai ke jiran kayansu a wurinta. Silin ya huje. Busasshiyar ƙura ta zubo mata a ɗankwali, tare da tsohuwar sheƙar tsuntsu.

Baba Kafinta ya yi wani ihu da maƙwabta suka ji.

"Ba nan ba ne! Wannan lafiyayye ne! Shekara ashirin da na kafa shi da hannuna! Ke ba ki da ido ne? Ga shi can, taku biyu hagu, daga wancan layin zuwa nan!"

Hannunsa na sama, yatsansa a miƙe. Ya dube shi kamar yatsan wani ne.

Matashiyar ta ce a hankali, "Baba, ɗan tsaya a haka," ta ɗauki hotonsa da yatsan.

Tunda asiri ya riga ya tonu, ya ce ba wanda zai taɓa masa aiki da sanda. Ya hau tsanin da gwiwarsa mai ciwo, ya zare ƙusoshi huɗu daga inda ba wanda zai ce akwai ƙusa, ya sauko da allon ɗungurungum kamar mai sauke tire. Matashiyar ta leƙa da tocila. Katakan ciki jiƙe suke sharkaf har yanzu, ga tabon ruwa, ga tsohon guntun bututun a kwance a gefe da tsagarsa, inda ya tura shi don ya san ba mai gani. Ta ɗauki hoto ya fi ashirin, ta yi rubutu shafi biyu.

Ta ce kuɗin keken zai fito, ban da kason farko. Mai Keke ta saki ajiyar zuciya, ta kakkaɓe sheƙar tsuntsun daga kanta.

"Ramina na biyu fa?" ta tambaya.

"Wannan da gangan aka yi shi, Mama, a gabana kuma. Ba ya cikin takarda."

"Ba komai. Ina da kafinta a gida."

Baba Kafinta ya riga ya nufi akwatin kayan aikinsa. Matashiyar ta ce a'a, Baba. Mai duba bututu na kamfani zai zo ya tabbatar da rahoton, nan da kwana goma. Har ya zo, ramukan nan biyu su zauna a buɗe, kada a share, kada a daidaita, kada a shafa musu komai.

"Kwana goma," ya ce.

"Na aiki, Baba. Ban da Asabar da Lahadi."

Ya raka ta har ƙofa. Da ya dawo ya tarar Mai Keke ta jawo akwatin kayan aikin tsakiyar falo, ta ɗora masa matashi, ta zauna a kai da allura da zare tana sa maɓalli. Ta ce nan za ta riƙa cin abinci, kuma in za ta fita, da akwatin za ta fita.

Ya zauna a kujerarsa. Ramuka biyu suka zuba masa ido, ɗaya mai kusurwa huɗu tsaf, ɗaya kamar an ciji burodi. Ya jure minti biyar, sannan ya tashi ya juya kujerar ta fuskanci bango. Ya matso da fuskarsa, ya sa farce.

"Mamar Auta, kin san bangon nan yana da 'yar tsaga?"

Ba ta ɗago ba. Ta ciji zaren ta ce, "Rufe idonka."