Ƙwaryar da Ba a Ɗora wa Ƙaya Ba

A Bungudu, a shekarun da motocin gyaɗa suka fara yawa a hanyar Gusau, an yi wani manomi mai suna Yahuza. Mutum ne mai yawan fargaba. In akuya ta yi tari sai ya tashi ya duba ta, in hadari ya haɗu yarinya ba ta dawo daga rijiya ba, to ya bi sawu ke nan. Wasu na yi masa dariya, amma waɗanda suka san gidansa ba sa yi. 'Ya'ya uku matarsa Shafa'atu ta haifa, biyu suka koma tun ba su yi haƙori ba. Ta farin ce kaɗai ta rage, Safiyatu, wadda ake kira Yelwa saboda an haife ta a shekarar da rumbuna suka cika. Shekararta bakwai.

Da yake 'yar fari ce, Yahuza bai taɓa kiran sunanta ba, bai kuma taɓa ɗaukarta a gaban mutane ba. "Ke" yake ce mata. Sai dai idonsa ba ya barin inda take.

Da Shafa'atu ta samu ciki na huɗu, uwarta Huseina ta aiko daga Tsafe cewa wannan karon a kai mata ita. A gabanta za ta haihu, a can za ta yi wankan jego, kuma ba za ta sake ta ba sai jariri ya yi wata uku. Aka bar Yelwa a gida saboda karatun allo. Matar maƙwabcinsu Ɗantsoho ke aiko musu da tuwo, wankin kwanuka kuwa ya zama na Yelwa.

Shafa'atu gwanar sabulun salo ce, wurin uwarta ta gada. Kafin ta tafi ta bar musu dunƙule uku. Kwana biyu da tafiyarta akuya ta cinye ɗaya. Yelwa ta yi ta dariya har da riƙe ciki.

"Baba, yau in ta yi kuka kumfa za ta fito!"

"Ke dai ɗauko min igiya," in ji shi. Tun daga ranar akuya ta zauna a turke.

Aka haifi ɗa namiji a Tsafe, Yahuza ya je suna, aka raɗa wa yaro Attahiru, ya dawo. Bai daɗe da dawowa ba sabulu ya ƙare. Sai Yelwa ta koma dirzar kwanuka da yashi da toka. Wata safiya ya ɗauki kwanon shansa ya ga ɗigon jini a gefensa. Ya ce ta nuna masa hannunta. Ta ɓoye a baya. Da ya matsa mata ta miƙo, sai ga yatsu duk sun tsattsage.

Ranar bai iya cin tuwo ba. Ya ce a ransa, shekara goma yana kallon Shafa'atu tana wannan aiki, mene ne a ciki? Zai yi shi a ɓoye, yarinya ta dawo daga makaranta ta tarar da sabulu sabo.

Washegari, da ta ɗauki allonta ta fita, ya kwaso tokar karan dawa da ta ɓawon gyaɗa. Ya ɗauko tukunyar nan mai huji a gindi, ya shimfiɗa ciyawa a cikinta, ya cika ta da toka, ya ɗora bisa duwatsu, ya zuba ruwa. Ruwan ya riƙa tsiyaya ta ƙasa, ja-ja-ja. Ya mayar da shi kan sabuwar toka, ya sake tsiyayowa, har sau uku.

Yana tsugune a madafa sai ga kan Ɗantsoho ya leƙo ta saman zana.

"Salamu alaikum, uwargida! Maigidan na ciki?"

"Allah ya shirye ka, Ɗantsoho."

"Saura ka ɗaura kallabi. Wai sabulu kake yi ko maganin ɓera?"

"In ya yi kyau kada ka zo roƙo."

"Ni? Gara in wanke akushina da ƙasa."

Saura a dafa ruwan ya tsotse. Yahuza ya jera itace, ya duba abin hura wuta, sai idonsa ya faɗa kan wani busasshen reshen farar ƙaya da ke soke a jikin zanar madafa. Ya san shi. Duk ranar da Shafa'atu ke sabulu takan ɗora shi bisa murfin ruwan toka. Shi a tunaninsa saboda akuya da kaji ne. To ga akuya a turke, kaji sun fita kiwo. Ya kakkarya reshen ya tura ƙarƙashin tukunya, wuta ta kama nan da nan.

Ruwan ya tafasa har ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Ya tsoma gashin kaza kamar yadda ya ga ana yi, ya ciro bayan ɗan lokaci, sai ga tsinke zalla, gashin ya narke. Ya yi murmushi shi kaɗai. Ya bar ruwan ya huce, ya juye shi a babbar ƙwaryar da ta fi kusa da hannunsa don ya sami tukunyar ɗumama mai. Ƙwaryar jiƙa tsamiya ce. Da ya ɗaga kwalbar man gyaɗa sai ya tarar ɗan kaɗan ya rage. Ya rufe ƙwaryar da faifai, ya sa hula, ya nufi gidan mai ƙuli-ƙuli a bayan kasuwa.

Ranar malamin su Yelwa ya tafi jana'iza, ya sallame su tun hantsi. Rana ta yi zafi. Kuma duk gidan an san Yelwa da satar kurɓar jiƙon tsamiya in uwarta ta ba da baya.

Yana dawowa da kwalbar mai a hannu ya ji ihun tun daga bakin lungu. Ya tarar da ita tana birgima a ƙasa, hannu biyu a maƙogwaro, leɓunanta sun yi fari. Ga ƙwarya a kife. Matar Ɗantsoho ta rugo da nono da man shanu, aka ɗura mata, duk ya dawo da jini. Yahuza bai san lokacin da ya saɓa ta a baya ba. Mutanen Bungudu suka ga abin da ba su taɓa gani ba, mutum goye da 'yarsa ta fari, ba hula ba takalmi, yana gudu zuwa bakin titi. Ya tsaya tsakiyar hanya har wata motar gyaɗa ta taka birki. Bisa buhuna suka shiga Gusau.

Kwana tara suka yi a asibiti. A rana ta shida Yelwa ta haɗiye ruwa, a ta takwas ta sha koko rabin ludayi. Yahuza ya fita bayan ɗaki ya yi sujada a ƙasa. Amma ranar sallama likita ya yi magana mai tsawo, malamin asibiti ya fassara masa a taƙaice.

"Ya ce ƙunar ta cikin maƙoshi ce, kuma tana warkewa. Sai dai irin wannan in tana warkewa takan tsuke, kamar ɗanyar fata a rana. In ka ga abinci ya fara tsayawa, ka dawo da ita."

Bai aika Tsafe ba. Yana tsoron kada labari ya girgiza mai jego nononta ya ƙafe, a rasa jaririn ma. Ya ce bari yarinya ta warke tukuna.

Mako biyu abin kamar ya wuce. Muryarta ce dai ta dushe. A mako na uku tuwo ya daina wucewa. Sai fura ta bi. Ya tace koko da ƙyalle yana ba ta, yana kallon wuyanta a kowace kurɓa. Ya mai da ita Gusau, aka zura mata wata siririyar roba don a buɗe hanyar, ta sami sauƙin kwana biyar. Aka sake. A karo na uku robar ta ƙi shiga. Da suka fito ta jawo gefen rigarsa.

"Baba, Inna nake so."

Suka hau motar Tsafe. Da suka zo daidai dutsen Kwatarkwashi ya nuna mata shi don ta yi murna, ta ɗaga kai ta duba, ta mayar da kanta kan cinyarsa. Nauyinta bai kai na ɗan akuya ba.

Tsohuwa Huseina ce ta fara ganinsu a zaure, ta yi salati. Shafa'atu ta fito da jariri a kafaɗa. Sai da ta dubi yarinyar sau biyu kafin ta gane ta. Ta miƙa wa uwarta jaririn, ta durƙusa.

"Malam, mi ya sami ɗiyar nan?"

"Ruwan toka ta sha. Na sabulu."

Shafa'atu ta kama kafaɗun yarinyar, hawaye na zuba.

"Ke! Sau nawa na gaya miki? Tun kina rarrafe nake kama hannunki ina taɓa miki tsinin ƙaya. Abin da aka ɗora wa ƙaya ba a buɗe shi, ba a taɓa shi! In babu ƙaya ki sha abinki. Yaya aka yi kika ɗage ta?"

Yelwa ta ɗaga ido ta dubi ubanta. Sannan ta sunkuyar da kai, ta ce da 'yar muryar da ta rage mata, "Na manta, Inna."

Yahuza ya dubi 'yarsa. Sai a nan ya gane. Mako bakwai yana cewa ƙuruciya ce ta sa ta sha ba ta tambaya ba. Ashe ta duba. Ta duba saman faifai, ba ta ga ƙaya ba, ta yi abin da aka koya mata. Kuma duk kwanakin nan, a asibiti da gida da cikin mota, ko sau ɗaya ba ta faɗa masa ba.

Yana iya yin shiru, maganar ta wuce a haka. Bai iya ba.

"Ba ta manta ba," ya ce. "Babu ƙaya a kai. Ni na hura wuta da ita."

Jariri ya motsa a hannun kakarsa. Can tsohuwa ta ce a hankali, "Ka zaci ta kaji ce, ko?"

Ya gyaɗa kai.

"A gidan nan yaro yakan san ƙaya kafin ya san sallama. Mu ne ba mu taɓa gaya wa namiji ba. Wa ya taɓa zaton namiji zai tsiyaye toka?" Ta share ido da gefen mayafi. "Allah ya riga ya rubuta. Shigo da ita daga rana."

Shafa'atu ta miƙe. Ta ɗauki 'yarta ta shige ɗaki.

Kwana goma sha ɗaya Yelwa ta yi a Tsafe. An kawo rubutu, an kawo zuma, tsohuwa na tsoma auduga a ruwa tana matsa mata ɗigo-ɗigo. Akan ɗora mata ƙanenta a cinya ta riƙe masa ɗan yatsa. Yahuza kuwa kunyar surukai ta hana shi zama cikin gida, sai ya wuni a bakin ƙofar ɗakin, bayansa jingine da bango. Wata la'asar ta sa aka kira shi. Ya sunkuya ya kai kunnensa kusa da bakinta.

"Baba, sabulun ya yi?"

"Bai yi ba."

"Ai na sani. Ɗantsoho zai yi maka dariya."

Ya riƙe hannunta. Yatsun sun warke sarai, babu ko tsaga ɗaya. Ya ce, "Safiyatu." Karon farko ke nan da sunan ya fita daga bakinsa. Ta buɗe ido ta dube shi, kamar mai mamaki.

Ranar Juma'a da hantsi ta cika. A Tsafe aka binne ta, a gindin dutse.

Suka koma Bungudu su uku. Shekara guda Shafa'atu ba ta taɓa tukunyar nan mai huji ba, da yashi take wanke kwanuka. Amma gida ba ya zama haka har abada. Wata safiya bayan kaka, lokacin Attahiru ya fara dafa bango yana miƙewa, ta kwaso toka ta shimfiɗa ciyawa. Yahuza na ganin haka ya ɗauki gatari ya fita. Ya dawo da dami guda na farar ƙaya a ka, hannuwansa duk jini. Ya kewaye tukunya da ita, ya kewaye murhu, ya toshe ƙofar madafa har ita kanta ba ta da hanyar wucewa.

Ta tsaya tana kallonsa. Rabonta da yi masa doguwar magana tun Tsafe.

"Reshe ɗaya ya isa, Malam," ta ce.

"Na sani."

Ta zaro ƙaramin reshe daga cikin damin, ta miƙa masa, ta nuna yaron da haɓa. Yahuza ya zauna a ƙasa ya ɗora ɗansa a cinya. Ya kama ɗan yatsan nan mai taushi, ya kai shi kan tsinin ƙaya a hankali. Yaron ya janye hannu ya fashe da kuka. Uban ya rungume shi, ya jira ya yi shiru, sannan ya sake kamo yatsan.