Jakar da ke Jikin Darbejiya

A jikin darbejiyar tsakar gida Kamila ta ga jakar a rataye, cike da ruwa, siririn tiyonta yana ɗiga cikin kwano. Ko gaisuwa ba ta gama ba ta gane ta. Shekararta huɗu tana aiki a masana'antar allurai, a ɗakin da ake ɗura magani cikin kwalabe. Ta irin wannan jakar roba maganin yake bi, sau ɗaya tak, daga nan sai wuta.

Gwaggo Sa'a, ƙanwar mahaifinta, ta ce a kasuwar Kankiya ta sayo ta, kuma duk Mawashi ba mai randa irin tata. Jikokinta sun mayar da tiyon abin wasa, kowa ya zo wucewa sai ya kafa baki.

Kamila ta yi bayani har muryarta ta dushe: magani yana maƙalewa a jikin robar, wanki ba ya fitar da shi, wani kuma guba ne a cikin yaro. Gwaggo ta taɓe baki. Dama ba sa ga maciji da juna, ita a ganinta boko ne ya koya wa yarinyar raina mutane. Ta ce sau uku ta wanke ta da omo, na huɗu da toka, kuma a gidan nan ko gwangwanin madara sai ya ga jikoki.

Ran Kamila ya ɓaci. Ta ɗauko wuƙa daga madafa, tana Allah ya isa ga duk marar imanin da ya bar jakar ta tsallake wuta.

"Yi a hankali da bakinki," in ji Gwaggo. Ta juya bayan jakar. "Yaƙi da jahilcin da na yi ya ishe ni karanta sunan 'yar wana."

Ga takardar nan a manne, ga sa hannun Kamila, shaidar an ƙone. Kamila ta tuna ranar. Sauri take ta samu mota, ta sa hannu ba ta bi amalanken sharar zuwa wurin ƙonawa ba.

Duk da haka ta farke jakar. Ruwan ya malale ya jiƙa mata takalmi.

Gwaggo ta ɗauke kwanonta, ko kallonta ba ta yi ba.

"Buhu guda mai sayar da su ya kawo ran kasuwa, kuma kafin azahar sun ƙare. Sai ki riƙe wuƙar, ki bi gida-gida."