Bencin Ƙofar Masana'anta

Mijin autata, wanda muke kira Shehi saboda ba a taɓa jin "ban sani ba" a bakinsa ba, shi ya karanto cewa ainihin al'ada ta bar ƙauye ta koma garin masana'antu. Ya ce mu je mu ci abincin ma'aikata, kuma kada kowa ya karya, don harshe ya ji daɗin sosai. Ban taɓa jin al'adar da sai da yunwa ake gane ta ba, amma na shiga mota. Ƙanwata ma ta shiga, alhali ta riga ta sha maganin sukarinta, wanda ba ya shiri da cikin da babu komai.

Muka isa rana ta take. Bututun hayaƙi, katanga mai waya, manyan motoci a jere. Shehi ya shaƙi iska ya lumshe ido.

"Kun ji ƙamshin tarihi?"

"Baƙin mai ne," in ji ƙanwata.

A ƙofar wata masana'anta muka tarar da rumfar mai abinci, tana jera tukwane. Muka zauna a benci. Shehi ya ce baƙon kirki jira yake a kula shi, sannan ya shiga fassara mana hikimar kwanukan da ke rataye a ƙusoshi.

Sai jiniya ta ɗauka. Ma'aikata suka kwararo da fararen huluna, kowa ya zari kwanonsa, ya miƙa, aka zuba, ya ci a tsaye. Shehi ya haye benci yana ɗaukar hoto kamar an yi masa haihuwa.

"Yaya, hannuna rawa yake," ƙanwata ta raɗa mini. Zufa ta jiƙa mata goshi.

Na miƙe na kutsa, amma ina gwiwar tsohuwa ina mutanen da ake auna musu lokacin loma? Kafin in isa jiniya ta sake ɗauka, rumfa ta yi wayam, mai abinci na kankare gindin tukunya.

"Baiwar Allah, mu fa?"

"Au, ci za ku yi, Mama? Ai nan mai ci ba ya zama. Bencin na masu jiran a ɗauke su aiki ne. Har na ce a raina, oh duniya, da tsufan nan!"

Na nufi maigadin masana'antar na ce masa ko mene ne suke yi a ciki, in dai ana taunawa, ya taimaka. Ya miƙo mini ledar biskit. Ƙanwata ta ci, ta kora da ruwa, a hankali rawar hannun ta tsaya. Na juya ledar. Irin wadda ake sayarwa a shagon ƙofar gidanmu ce, har da hoton saniyar.

"Amma na nan daban ne," in ji Shehi, yana miƙo hannu. "Daga tushe yake."

Ƙanwata ta tura ledar cikin jaka ta ja zif.

"Kai ka ci hotunanka, ɗan nan."