Talabijin a Cikin Silin

Silin ɗin falo ya buɗe a hankali, sabuwar talabijin da Auta ya saya ta sauko da siririn gurnani, ta tsaya daidai fuskar Umma. Ta dafe ƙirji, sannan ta fashe da dariya.

"Auta, mayar da ita in gani!"

Auta ya danna rimot, injin ya ɗauke ta sama. Yayansa kafinta yana tsaye a bakin ƙofa, idonsa a kan kabad ɗin da ya ƙera wa tsohuwar talabijin shekara goma sha ɗaya da suka wuce. An tura shi lungu, an jibga masa kayan wanki. Ranar da ya kawo shi, "Allah ya yi albarka" kawai ya samu.

"Yaya, sauran abu ɗaya," in ji Auta. "Masu haɗawar sun bar murfin silin ɗin a karkace. Ko za ka duba?"

Washegari da hantsi ya hau tsani. Ya leƙa cikin silin, ya ga injin a manne da katako, da wata waya da ba a ɗaure ta sosai ba. In ya ɗan karkatar da ita, bayan mako guda abin zai cije, Umma ta yi ta danne-danne a banza. Ya daɗe yana riƙe da ita, gumi yana bin wuyansa.

"Ka sha ruwa kuwa?" Umma ta tambaya daga ƙasa.

Ya ɗaure wayar tamau. Ya fere murfin, ya goge, ya shafa fenti, har sai da shi kansa ya kasa gane inda aka yanka.

Da yamma maƙwabta suka cika falon. Sau tara Umma tana saukar da talabijin, babu wanda ya kalli abin da ake nunawa. Wani mai kantin magani ya ɗaga kai yana ta laluben silin da ido.

"Ni ba injin ne ya burge ni ba, murfin nan ne. Ko alamar tsaga babu!"

Kafinta ya buɗe baki, Umma ta riga shi.

"Ai Auta ba ya abu rabi da rabi."

Mutumin ya juyo, ya zaro waya. "Malam, taimaka mini da lambar ƙanin naka."

Kafinta ya karanto masa ita daki-daki, cikin ladabi. Da ya zo lamba ta ƙarshe, inda bakwai take, sai ya ce huɗu.