Warƙa Hamsin na Malam Dodo

Da Malam Dodo ya rasu a Sakkwato, abin kirkin da ya bari littafi ɗaya ne, wanda ya rubuta a hanyar hajji. Shekara bakwai ya yi a tafiyar, kuma duk inda ya sauka tambaya ɗaya yake yi: in 'yan'uwa biyu sun ɓata, wa ya kamata ya fara takawa ƙofar wani? A Makka ya tambayi alhazan Sin da na Hindu abin da masu hikimarsu na dā suka faɗa. A Masar ya tsare wani Bayahude mai turare da ita, ya kuma kwafo maganar mutanen Yunan, wato Girkawan dā, daga littattafan Larabawa.

Littafin warƙa hamsin ne, babu ɗinki, a cikin gafaka. Mai rabon gado bai karanta ko layi ɗaya ba. Ya lashi yatsa ya ƙirga daga sama: ashirin na Illo, babban ɗa, ashirin na ƙanensa Mode, goman ƙarshe na ƙanwarsu Rahmatu. Illo ya so a bar masa duka. Mode ya ƙi, Illo ya kira shi jahili a gaban jama'a, daga ranar ko gaisuwa.

Rabon kuwa ya yi wa kowa daidai. Illo ya sami babin Sin, inda aka ce zaman duniya daga gida yake farawa, ƙane ya girmama wa. Sai ya shimfiɗa buzu a zaurensa na Ƙofar Kware yana jiran Mode. Ya sami Hindu ma, masu cewa kai da wanda kake ƙi asalinku ɗaya, rabuwar ruɗin ido ce, amma wannan babin bai cika buɗe shi ba. Mode ya sami Yahudawa, masu cewa laifin da ka yi wa mutum ba ya gogewa sai ka je da ƙafarka ka roƙe shi. Shi ma ya shimfiɗa nasa buzun a Ƙofar Marke. Haka malamai biyu suka yi shekara goma sha ɗaya, kowa da hujjarsa daga bangon duniya.

Sannan yanar ido ta fara rufe wa Illo gani. Na hagu ya tafi, na dama sai da rana tsaka yake gane baƙi. Tsoro ya kama shi ƙwarai, don bai taɓa ganin hukuncin da mahaifinsa ya yanke a ƙarshen littafin ba, kuma yana son ganinsa da rubutun tsohon kafin duhu ya gama shigowa. Ya aika aka kira Rahmatu.

"Ki kawo min goman nan naki."

"Yaya, kai kak koya min ba a karanta hukunci kahin hujja," in ji ta. "Ta tsakiya tana wurin Mode. Ran da kunka zamna tabarma guda, ni kawo."

Illo ya yi fushi kwana uku. Rana ta huɗu ya ɗauki sanda da gafaka, yana gaya wa kansa wurin littafi za shi, ba wurin mutum ba.

Ya iske Mode a zaure, fuskarsa na kallon bango. Ya yi sallama, Mode ya amsa wa ginshiƙi. Nan Illo ya gane ƙanensa ya riga shi makancewa.

"Tun yaushe?"

"Damina biyu," in ji Mode. "Ba a hwaɗa maka ba? To, wa kaka tambaya?"

Suka matso bakin zaure wajen hasken rana, Mode ya miƙa masa warƙoƙinsa. Illo ya karanta Yahudawan da ƙarfi, muryarsa ta ɗan sauka a wajen roƙon gafara. Ya wuce Yunan, masu cewa halin kirki da yi ake samunsa, kamar saƙa, wanda ya san shi bai aikata ba bai san shi ba. Mode ya ce shi ma wannan babin bai cika buɗe shi ba.

Rahmatu ta iso bayan la'asar da warƙoƙinta a naɗe cikin zane. Tara addu'o'in tafiya ne. Illo ya ɗaga ta ƙarshe, ya kusantar, ya nisantar, ya juya wa rana baya. Idon ya gaji, sai baƙi-baƙi kamar tururuwa. Ya daɗe riƙe da ita kafin ya miƙa wa Rahmatu, ta karanta musu:

"Na tambayi al'umma huɗu, sun saɓa a kan wanda zai fara. Babu wanda ya ce a jira. Ina da wa a Gwandu, ba mu magana. Na ce sai na dawo da amsa. Na dawo na tarar an binne shi da shekara biyu."

Can Mode ya laluba gefensa, ya jawo buzun nan da ya daɗe a shimfiɗe, ya tura shi wajen da yake jin numfashin wansa.

"Yaya, kan ƙasa kake," ya ce. "Tun ɗazu nis so in hwaɗa maka."