Kwanar Sinima

Baba ya ɓata a garin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana raba wasiƙu a kan keke. Ku ji min wannan abin takaici! Mutumin da ko an rufe masa ido zai kai ka ƙofar kowane gida.

Da hantsi na tashi daga kan keken ɗinkina in ba shi magani, sai na tarar da ɗakinsa wayam, babu shi babu sandarsa. Tun da mantuwa ta kama shi ba ma barinsa ya fita shi kaɗai. Na kira Yaya, injiniyan gidanmu, wanda da hannunsa ya zana sabon titin da ya haɗiye tsohuwar unguwarmu. Ya iso a mota yana ta latsa waya.

"Ki kwantar da hankalinki, zan duba taswira."

"Taswirar me? Baba yana cikin wayarka ne?"

Mu a garin nan ba ma kwatance da sunan titi. Sai dai mu ce: ka wuce agogon tasha, ka yi kwana a sinima, ka bar famfo a hagunka, ga bishiyar wanzami nan. Tun kakanninmu haka ake yi. To agogon sun cire, sinimar ta zama gidan mai, bishiyar kuwa Yaya ne ya sa hannu aka sare ta. Wai ci gaba. Ci gaban banza da wofi!

Muka zaga asibiti, muka zaga kasuwa, rana na dukanmu. Zuciyata na tafasa, na ce, "Yaya, bi tsohuwar hanyar gida."

"Ai babu ita."

"A wurinka ne babu!"

Muka yi kwana a gidan man. Can na hango shi tsaye a tsakiyar shataletale, daidai inda zaurenmu yake a da. Motoci na wuce shi fuu, wani direba har da zagi. Takalmi ɗaya ne a ƙafarsa, yana ta ɗaga sanda yana neman ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Wallahi sai da hawaye ya zubo min.

Yaya ya ruga ya riƙe shi. Baba ya ƙare masa kallo, bai gane ɗan cikinsa ba.

"Bawan Allah, taimake ni. Na yi ɓatan kai, na shigo garin mutane. Mai da ni garinmu, daga sinima zan gane hanya."

Yaya ya dubi gabas, ya dubi yamma, ko'ina kwaltarsa ce baƙa wuluk. Sai ya juyo yana kallona, wai in cece shi.

Na naɗe hannuwana a ƙirji.

"Bismilla, injiniya. Kai shi."