Sanwic ɗin Maɗaba'a

Shekara bakwai da aure, amma har yanzu Amarya ake ce mata, tunda babu yaron da za a laƙaba mata sunansa a ce maman wane. A shekara ta takwas Allah ya kawo rabo, sai kuma cikin ya zo da rigima. Duk abin da ta sa a baki sai ya dawo. Ƙamshin girki ba ta so, ƙamshin sabulu ba ta so. Shi kansa mijin nata, Kafinta, in ya dawo daga shago sai ya tsaya a bakin ƙofa ya tuɓe riga, ya karkaɗe garin katako daga gashinsa, sannan ta yarda ya shigo. Likita ta ce babu komai, zai wuce, a dai lallaɓa ta riƙa cin ko kaɗan ne. Amma Kafinta yana ganin awarwaronta yana zamewa har kusa da gwiwar hannu, hankalinsa ya ƙi kwanciya.

Wata Asabar da rana aka yi ruwa aka ɗauke. Amarya tana kwance a doguwar kujerar da ya ƙera mata a gefen taga, iska tana kumbura labule tana sakinsa a hankali. Shi kuma yana zaune a ƙasa yana ɓare mata lemon da ya san ba za ta sha ba. Ya ɗauka barci take, sai ya ji muryarta, idonta a rufe.

"Na yi mafarkin sanwic."

"Wane iri?" Ya ajiye wuƙa. Wata biyu ke nan bai ji sunan abinci a bakinta ba.

"Na Baba. Ina 'yar shekara goma, aka rufe makarantarmu kwana ɗaya don gyaran rufi, sai ya tafi da ni maɗaba'ar da yake aiki. Ɗaki ne dogo, tagogin can sama suke. Haske yana saukowa a karkace, ƙurar takarda tana yawo a cikinsa kamar ba ta da nauyi. Inji yana ta numfashi, yana haɗiyar farar takarda yana fito da ita da rubutu. Da rana ta yi tsaka, Baba ya zo da wani abu a naɗe cikin takarda, da ɗuminsa. Ban taɓa cin abu mai daɗinsa ba."

"Me ke ciki?"

"Ƙwai, ina jin. Da albasa. Da wani abu mai ɗan tsami-tsami. Kuma a baje yake, kamar an zauna a kai."

"To, zama a kai ai ba zai gagare ni ba."

Ta yi murmushi ba ta buɗe ido ba. Kafin ta juya, ya riga ya sa takalmi.

Na farko da hannunsa ya haɗa: sabon burodi mai laushi, soyayyen ƙwai, albasa, jan tumatir. Ta shinshina ta kau da kai. Na biyu ya sayo a shagon gilashin nan na babban titi, an yanka shi kusurwa uku an soke da tsinke. Ta ce wannan na 'yan ofis ne. Ya matsa lemon tsami a na uku, ya sa kokwamba a na huɗu, na biyar ma har danne shi ya yi da gindin tukunya. Kowanne sai ta gutsira kaɗan, ta riƙe a baki kamar mai sauraron wata magana daga nesa, sannan ta girgiza kai. Shi ke cinye ragowar, don ba ya son a zubar.

"Ikon Allah," ta ce a rana ta shida. "Ni ke da ciki, kai ke ajiye tumbi."

A layin shagunansu kowa ya ji labari, kowa kuma ya zama gwani. Mai walda, wanda shagonsa ke manne da na Kafinta, ya ɗaga gilashin idonsa ya ce duk sanwic ɗin da babu kifin gwangwani da barkonon da zai sa ka hawaye, wasan yara ne. Tela ya leƙo da tsinin allura a baki, ya ce su dai ba su san daɗi ba: bota, ayaba, a ɗiga zuma, a ci a tsaye kafin wani ya gani. Suka yi ta musu har shayinsu ya huce. Daga ƙarshe Mai walda ya ce, "Wai tsohon ba ya raye ne? Ka je ka tambaye shi mana."

Tsohon yana raye, yana zaune a gidan babban ɗansa, yayan Amarya. Sai dai shekara uku ke nan tunaninsa yana tafiya yana dawowa, kuma tafiyar ta fi yawa. Zuwan Amarya na ƙarshe, kafin ta samu ciki, ya dube ta da kyau ya tambaye ta ko 'yar waye. Ta yi kuka a mota har gida, tun daga nan kuma kullum sai ta sami dalilin ɗaga zuwa. Shi ya sa Kafinta bai gaya mata inda za shi ba.

Da hantsi ya isa. Matar yaya ta buɗe masa ƙofa, hannunta duk kumfar wanki.

"Yana baranda," ta ce. "Amma kada ka sa rai, yau ko ni bai gane ba. Ya ce in kira masa manaja."

Baba yana kan kujerarsa ta roba, tsofaffin jaridu a cinyarsa. Yana ɗaukarsu ɗaya-ɗaya, ya daidaita bakinsu, ya buga a gwiwa, ya shafa da gefen hannu. Inuwar bishiyar da ke tsakar gidan tana motsi a kan farar rigarsa. Kafinta ya durƙusa.

"Baba, ina kwana? An tashi lafiya?"

"Lafiya lau. Katunan naka ba su bushe ba, samari. Ka dawo jibi."

"To, Baba, babu gaggawa." Ya gyara zama a ƙasa, ya ɗan jira. "Baba, yunwa nake ji. Ku a nan me kuke ci da rana?"

Hannun tsohon ya tsaya a kan jarida. Ya dube shi sama da ƙasa, sai fuskarsa ta washe.

"Su dai suna fita su sayo. Ni kuwa da abina nake zuwa." Ya sunkuyo, ya rage murya. "Ka samu burodin jiya. Na jiya, ka ji ko? Na yau ba shi da ƙashi, yana ganin ɗumi zai zama kamar auduga. Ka tsaga shi, ka ɗan ƙwaƙule tsakiyar. Bota ciki, bota waje. Ka soya albasa tukuna har bakinta ya fara duhu, sannan ka fasa ƙwai a kai. Kada ka kaɗa shi da yawa. Sai tumatir."

"Na sa tumatir, Baba."

"Ja ka sa." Ya nuna shi da yatsa. "Kore ake sawa, wanda bai nuna ba. A yanka shi siriri har ka ga haske ta ciki, a barbaɗa gishiri. Ka naɗe da farar takarda ninki biyu. Ƙarfe goma ka ɗora shi a bayan inji, can wajen motar da ke juya shi, inda ƙarfen ke da ɗumi. Ka danne da damin takarda biyu, ka tafi aikinka. Kada ka leƙa. Inji yana girgiza shi a hankali, botar tana bin ko'ina, tsamin yana shiga ƙwan. Sha biyu ka ɗauko. Bayansa ƙamas, cikinsa laushi."

Ya haɗiyi yawu, shi ma Kafinta ya haɗiya. Can cikin gida famfo yana zuba a bokiti, wata kurciya tana kuka a kan katanga. Kafinta ji ya yi kamar ƙasan barandar tana ɗan rawa a ƙarƙashinsa, har da warin tawada a hancinsa, shi da bai taɓa shiga maɗaba'a ba.

"Baba, ka taɓa zuwa da wani wurin aikin?"

Tsohon ya yi dariya har da tari. "Yarinyata. Ta cinye nata ta bi nawa da ido, na miƙa mata. Ranar nan da ruwa kawai na wuni. Daga baya na neme ta na rasa, ashe ta hau tarin takardu ta yi barci, kumatunta duk shuɗin tawada. Uwarta ta kusa cinye ni ɗanye." Sai dariyar ta tsaya, ya shiga waige-waige. "Ƙarfe nawa? Ya kamata a ɗauko ta daga makaranta."

"An ɗauko ta, Baba. Tana gida."

"Madalla," ya ce, ya koma kan jaridunsa.

Washegari Kafinta ya zagaya masu kayan miya huɗu kafin ya sami wadda ta yarda ta tono masa koren tumatir daga ƙasan kwando, tana kallonsa kamar wanda ya taɓu. Ya soya ƙwan a ɗan murhun shago, ya naɗe komai yadda aka ce. Ba shi da damin takarda, sai ya sa ƙunshin tsakanin guntayen katako biyu, ya ɗaure da ƙarfen da yake matse ƙafar tebur in ya shafa gam, ya ɗora a kan motar injin yanka katako. Mai walda ya leƙo, ya tsaya riƙe da ƙugu.

"Wannan kuma kujera ce ko ƙofa?"

"Kai dai ja bakinka."

Aikin yanka bai kai na awa biyu ba, amma don kada inji ya huce sai da ya yanke katakon sati guda. Ƙarfe sha biyu ya kwance ƙarfen, ya cusa ƙunshin cikin riga, ya hau keke. Ɗumin yana taɓa cikinsa har gida.

Amarya tana wurinta a gefen taga. Da ta ga takardar, bota ta yi mata tabo har ana hango burodin, sai ta tashi zaune. Ta buɗe a hankali. Ta gutsira, ɓawon ya yi ƙara. Kafinta ya tsaya a bakin ƙofa da garin katakonsa, ya manta bai karkaɗe ba, ita ma ba ta kore shi ba. Ta sake gutsira. Ta ci tana kallon bango kamar akwai wata taga a can sama, har ta kai ƙarshe, ta tsince ɓurɓushin da yatsa.

"Koren tumatir," ta ce. "Wa ya gaya maka?"

Ya zauna kusa da ita ya ba ta labari duka, har da barcin da ta yi a kan takardu, da wunin da tsohon ya yi da ruwa. Wannan ba ta sani ba. Ta daɗe tana murza takardar a hannu, hawaye yana sauka ba ta share ba. Bayan nan barci ya ɗauke ta, shi kuma ya zauna yana jiran abincin ya dawo. Har la'asar shiru.

Kwana huɗu a jere yana kawo mata, a na biyar ta nemi shinkafa da bakinta. Ranar Lahadi ta yi wanka ta sa kwalli, ta ce ya haɗa guda biyu, za su gidan Yaya.

Baba bai gane ta ba. Amma da idonsa ya sauka a kan cikinta, sai ya dafa bango ya miƙe.

"Kai samari, wane irin mutum ne kai? Mace a wannan hali ka bar ta a tsaye? Zauna nan, 'yar nan."

Ta zauna a kujerarsa, aka kawo masa wata. Kafinta ya miƙa masa ƙunshi ɗaya. Tsohon ya juya shi, ya gutsira, ya tauna yana lumshe ido.

"Ba laifi. Amma warin katako yake. A ina ka gasa shi, a daji?"

Amarya ta tuntsire da dariya har tana riƙe ciki. Ya dube ta, dariyar ta yi masa daɗi.

"Allah ya sauke ki lafiya. Ni ma ina da yarinya, tana aji huɗu. Ba ta da aiki sai tambaya. Ranar nan ce mini ta yi wai ina rana take kwana, kuma wa ke tashinta."

"Me ka ce mata, Baba?"

"Na ce akwai wani tsoho a bayan duwatsu, shi ke ɗaga mata bargo. Sai ta ce to shi wa ke tashinsa?"

"Sai me kuma take yi?" Amarya ta matso da kujerarta.

Ya gyara zama ya ci gaba, labari yana jan labari, mafi yawansu ba ta taɓa ji ba. Kafinta ya ga ba a bukatarsa a wurin. Tun shigowarsu ya lura ƙofar kicin tana jan ƙasa, sai ya je ya tambayi matar yaya ko akwai sukundireba a gidan. Ya durƙusa yana kwance ƙofar, muryoyinsu suna zuwa masa daga baranda, ta tsohon ƙasa-ƙasa, tata tana katse shi da tambaya. Bai yi sauri ba, ya cire ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya yana jera su a kan dandamali.